Yadda Ake Tsara Yaƙin Kai wa Duniya Hari da Kare Ta a Ƙagaggen Labarin Kimiyya

A lokacin bazara, sa'ad da zafin Marwa ke fitar da mutane daga ɗakuna su shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, wani dare bayan sallar magariba za ka ga wani haske kamar tauraro yana ratsa sama ba tare da ƙiftawa ba, cikin 'yan mintoci kuma ya ɓace. Sau da yawa wannan ita ce Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, wadda ke tafiya a nisan kilomita kusan 400 daga ƙasa, tana zagaye duniya sau ɗaya a kowane minti 90 ko kusa da haka. Ina nuna ta ga matasan da ke kawo mini rubuce-rubucensu na ƙagaggen labarin kimiyya, domin a cikin wucewarta akwai kusan duk abin da marubuci ke bukatar ya sani game da yaƙin duniyoyi: ana ganinta, an san lokacin zuwanta, kuma ba ta iya tsayawa. Yawancin labaran da nake karantawa sukan ɗauki yaƙin dawakai ko na jiragen ruwa su ɗora shi a sama, kumbuna suna jan daga, suna laɓewa, suna tsayawa cak a kan birni. Ina so labaranmu su yi ƙarfin da mai ilimin kimiyya zai karanta ya gamsu, shi ya sa na tsara waɗannan matakai.

Mataki na farko: ka yanke abin da maharin yake so

Kafin ka zana kumbo ko ɗaya, ka amsa wa kanka tambaya guda: maharin hallaka duniyar yake so, ko mallakarta? Idan hallakarwa ce, ba ya bukatar runduna, dutse ya ishe shi, kuma labarin zai ƙare a shafi na uku. Idan kuwa gonakinta yake so, ko masana'antunta, ko mutanenta su yi masa mubaya'a, to ya ɗaure hannunsa da kansa, domin duk abin da ya rusa nasa ne ya rusa. Daga wannan amsa sauran matakan ke fitowa.

Mataki na biyu: ka ɗauki duniya a matsayin rijiya

Duk wanda ya taɓa jan guga ya san cewa sakin abu cikin rijiya ba ya cin ƙarfi, fitar da shi ne aiki. Ƙarfin jan ƙasa ya mai da kowace duniya rijiya, mazaunanta kuma suna can ƙasanta. Kafin abu ya zauna a falakin da ke kusa da duniyarmu, wato ya riƙa zagaye ta a sama ba tare da ya faɗo ba, sai ya kai gudun kilomita 7.8 a daƙiƙa ɗaya, wato ya shafe tazarar Marwa zuwa Garwa cikin ƙasa da rabin minti, kafin kuma ya kuɓuce wa duniya gaba ɗaya sai ya kai kilomita 11.2. Rijiyar duniyar Mas, maƙwabciyarmu, ba ta kai tamu zurfi ba, kilomita 5 ne a daƙiƙa, ta wata kuwa 2.4 kacal.

Tsadar wannan gudu tana cikin lissafin da Konstantin Tsiolkovsky na Rasha ya wallafa a 1903: roka tana ɗaukar mai domin ta ɗaga mai, saboda haka duk ƙarin gudun da kake so yana ninka nauyin man. Rokar Saturn V, wadda ta kai mutane wata a 1969, ta tashi da nauyin kusan tan 3,000, amma abin da ta iya turawa zuwa wata bai kai tan 50 ba. Don haka ka buɗe wa kowace runduna a labarinka littafin ajiya kamar na mai shago, ka rubuta man da ta fito da shi, kuma duk juyin da kumbo ya yi ka cire. Kwamandan da ya ƙona mansa wajen bin abokin gaba ba zai sami na komawa gida ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya riƙe babi guda.

Akwai kuskuren da nake yawan gani a nan. Kumbon da ke falaki ba zai iya sakin bam ya faɗo ba, domin abin da ya saki zai ci gaba da zagayawa tare da shi kafaɗa da kafaɗa. Sai an rage masa gudu tukuna ya fara gangarowa, daga falakin kusa ya ɗauki mintoci masu yawa, daga falaki mai nisan kilomita 35,786 kuwa, inda tauraron ɗan'adam ke zama daidai saman wuri guda kamar waɗanda kwanukan talabijin ɗinmu ke fuskanta, gangarowar takan ci awa biyar.

Mataki na uku: ka bar mai tsaro ya ga maharin tun daga nesa

Kumbon Voyager 1 ya bar duniya a 1977, yanzu ya wuce nisan kilomita biliyan 24, na'urar aika saƙonsa ba ta fi ƙarfin wat 23 ba, kamar ƙwan lantarki ɗaya, amma masu sauraro da manyan kwanuka suna jin sa. To yaya runduna mai injuna masu aman wuta za ta ɓoye? Sararin samaniya wuri ne mai tsananin sanyi da duhu, duk abin da ke ɗauke da mutane masu rai kuwa yana da ɗumi, madubin hangen nesa mai ganin zafi zai tsinto shi kamar wutar makiyaya a daren da babu farin wata. Ƙari a kan haka, maharin da ya taho da gudu dole ya taka birki kafin ya iso, birkin kumbo kuwa shi ne ya juyo bakin injinsa wajen inda ya nufa ya hura wuta, wato ya haska fuskar wanda ya zo yaƙa.

Tafiya daga duniyarmu zuwa Mas da rokokin yau takan ci wata shida zuwa tara, kuma hanya mai sauƙin mai ba ta buɗewa sai sau ɗaya a kowane wata 26. Ko ka ba mutanen labarinka injuna da suka fi waɗannan, ka bar wa mai tsaro makonni ko watanni yana kallon ajalinsa na matsowa. A ganina wannan jira shi ne wuri mafi albarka ga marubuci: farashin hatsi ya tashi, masu hali su nemi hanyar fita, majalisa ta rabu tsakanin masu son sulhu da masu son yaƙi, ana haƙa ramuka dare da rana, kowa kuma ya san ranar.

Dabarar da ta rage wa mahari ita ce ruɗu. Yana iya shiga cikin ayarin kumbunan fatauci, yana iya tura na bogi masu yawa, yana iya biyowa ta ɓangaren rana, inda hasken ke makantar da madubai. Dutsen da ya fashe a saman birnin Celiyabinsk na Rasha a 2013 ta wannan ɓangare ya zo, babu wanda ya hango shi. Kada kuma ka manta da jinkirin saƙo: haske yana ɗaukar daƙiƙa 1.3 daga wata, daga Mas kuwa minti 3 zuwa 22 gwargwadon inda duniyoyin biyu suke, don haka kwamandan da ke bakin daga shi zai yanke hukunci da kansa, umarnin gida ya same shi bayan an gama.

Mataki na huɗu: yaƙin falaki

Nan ne masu rubutu suka fi zaluntar mai tsaro, suna ɗauka cewa wanda ke sama ya riga ya ci nasara. Ka tuna da hasken nan da ke ratsa saman Marwa. Kumbon da ke falakin kusa yana bin hanyar da ɗalibin lissafi zai iya faɗa maka tun jiya, kuma mai tsaro ba ya bukatar ya kamo shi da gudu, ya ishe shi ya jefa abu sama ya tare hanyar, wanda ke bukatar kusan kashi ɗaya cikin uku na gudun falaki kawai. Gudun kumbon da kansa ne zai kashe shi. An riga an gwada wannan: a Janairun 2007 ƙasar Sin ta harbo tsohon tauraronta na hasashen yanayi, Fengyun-1C, a nisan fiye da kilomita 800, a Fabrairun 2008 Amurka ta harbo nata daga jirgin ruwan yaƙi, Indiya ta yi a 2019, Rasha kuma a 2021.

Abin da ya biyo bayan harbin Sin shi ne darasi na biyu. Tauraron ya tarwatse ya zama gutsattsari fiye da 3,000 da ake iya bin sawunsu, da yawansu kuma suna can har yau. Tun 1978 Donald Kessler na hukumar NASA ya yi gargaɗin cewa idan tarkace suka yi yawa za su riƙa karo da juna suna haifar da wasu. Mai tsaron da ya ga za a ci shi yana iya watsa tsakuwa da ƙusoshi a falakinsa da gangan, kamar manomin da ya kewaye gonarsa da ƙaya, sai dai ƙayar za ta hana shi ma fita na shekaru, ta kashe masa taurarin sadarwa da na hasashen damina. Shugaban da zai ba da wannan umarni ya cancanci babi nasa.

Sai batun zafi, wanda shi ne na fi so marubutanmu su fahimta. Ka dubi flas ɗin mai shayi: abin da ke riƙe zafin ruwan tun asuba har hantsi shi ne wurin da aka zuƙe wa iska tsakanin bangayensa biyu. Kumbo yana zaune ne a cikin irin wannan flas. Ba iskar da za ta ɗauke masa zafi, ba ruwan da zai tsatso ya sanyaya shi kamar randa, sai dai ya shimfiɗa manyan faifai masu fitar da zafi a hankali, irin fararen da ke jikin tashar sararin samaniya. Duk harbin leza, wato makamin da ke ƙona abu da haske mai ƙarfi, da kumbo ya yi, zafi mai yawa yana zama a cikinsa, faifan nan kuwa su ne mafi sauƙin huda. Mai tsaron da ke ƙasa yana da kogi da teku da zai zuba wa zafinsa, yana da tashoshin lantarki da babu kumbon da zai iya ɗauka, yana da duwatsun da zai shige ƙarƙashinsu. Iskar duniya ita ma garkuwa ce, domin a kan kowace murabba'in mita akwai iskar da nauyinta ya kai tan 10, kuma gajimare da ƙura suna raunana leza. Wanda ya ga hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi yana mai da rana kamar faranti ya san abin da nake nufi. Hazon zai kare birni daga harbin sama, ya kuma toshe bindigogin birnin a lokaci guda, sai ka sa kwamandojinka su riƙa lissafi da yanayin shekara.

Makamin nukiliya a sama ba ya aiki yadda yake a ƙasa, domin babu iskar da za ta ɗauki girgizar fashewa, illarsa tana cikin haske da tururin da ke lalata na'urori. A ranar 9 ga Yulin 1962 Amurka ta tayar da bam mai ƙarfin megatan 1.4, wato daidai da tan miliyan 1.4 na nakiyar TNT, a nisan kilomita 400 saman tekun Fasifik, fitilun titi kusan 300 suka mutu a Hawai, mai nisan kusan kilomita 1,400, taurarin ɗan'adam da dama kuma suka lalace a watannin da suka biyo baya. Yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1967 kan sararin samaniya ta haramta ajiye irin waɗannan makamai a falaki, kuma yana da kyau duniyar labarinka ta kasance da dokokinta da masu karya su.

Saboda duk wannan, mahari mai hankali ba zai sauko falakin kusa da wuri ba. Zai tsaya can nesa, ya fara kama watan duniyar idan tana da shi, domin rijiyar wata ba ta da zurfi kuma akwai duwatsun jifa, sa'an nan ya makantar da taurarin mai tsaro ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na biyar: ruwan duwatsu, da iyakarsa

Abin da ke tafiya da gudun kilomita 3 a daƙiƙa yana ɗauke da ƙarfin da ya kai na nakiyar TNT mai nauyinsa, kuma idan gudun ya ninka biyu ƙarfin yana ninka huɗu. Dutsen Celiyabinsk, a ranar 15 ga Fabrairun 2013, faɗinsa bai wuce mita 20 ba, ya shigo da gudun kilomita 19 a daƙiƙa, ya fashe a sama da ƙarfin da ya ninka bam ɗin Hiroshima kusan sau talatin, mutum wajen 1,500 suka ji rauni, yawancinsu daga gilasan tagogi. Ba sai mun je Rasha ba ma: a hamadar arewacin Cadi akwai ramin Aorounga, mai faɗin fiye da kilomita 12, da na Gweni-Fada a yankin Ennedi, dukansu tabon duwatsun da suka faɗo ne tun kafin a yi ɗan'adam.

Mai tsaro yana da amsa idan ya sami lokaci. A ranar 26 ga Satumban 2022 kumbon DART na hukumar NASA, mai nauyin kusan kilo 600, ya daki dutsen Dimorphos, wanda ke zagaye wani dutsen sama da ya fi shi girma, da gudun kilomita 6 a daƙiƙa, ya rage lokacin zagayensa da kusan minti 32. Ɗan turi kaɗan tun dutse yana nesa ya isa ya kautar da shi, amma idan ya matso babu abin da za a yi. Don haka tsaron duniya na gaskiya yana can nesa da ita, a wurin masu gadi da madubai, kuma maharin zai fara da su.

Ruwan duwatsu yana rusa abin da ba ya motsi: tashar harba roka, madatsar ruwa, barikin soja. Abin da ke yawo kuwa, kamar motar da ke ɗauke da makami mai linzami ko jirgin da ke ƙarƙashin teku, yakan bar wurin kafin jifan ya iso. Mutanen Cadi sun ga irin wannan a 1987, lokacin da mayaƙa a motocin Toyota suka ci sansanonin Libiya a Fada da Wadi Dum duk da tankoki da jiragen da ke wurin. Idan kuwa duniyar da ake kai wa hari irin wata ce ko Mas, wadda iskarta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, lissafin ya canza gaba ɗaya, domin huda ɗaya a rufin gari ta isa, kuma mutanen irin wannan wuri tun farko a ƙarƙashin ƙasa za su yi gini.

Mataki na shida: saukar da sojoji

Wannan shi ne mafi wuya, kuma in da hali mahari zai guje masa. Kumbon da ke shigowa cikin iska yana zama dunƙulen wuta da kowa ke gani, sadarwarsa takan yanke na 'yan mintoci, ba ya kuma iya kaucewa sosai. Wanda ya sauka ya shiga rijiya, fitarsa sai da roka cike da mai. A ranar 6 ga Yunin 1944 sojoji kusan 156,000 aka sauke a gaɓar Normandi ta Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, alhali mashigin ruwa kawai suka ƙetare daga Ingila, kuma sai da aka yi shekaru ana shiri. A 1995 wani manazarci a Amurka, James Quinlivan, ya ƙiyasta cewa riƙe ƙasar da ke turjiya yana bukatar jami'an tsaro 20 ga kowane mutum 1,000. Duniya mai mutum biliyan ɗaya ke nan tana bukatar miliyan 20, kowannensu da abincinsa da ruwansa, da kusan kilo ɗaya na iskar shaƙa a kullum muddin yana hanya. Saboda haka ka sa maharinka ya kama wurare ƙalilan, tashar roka da cibiyar lantarki da fadar mulki, kuma ka ba shi abokai a cikin gida, ɓangaren da ke jin an zalunce shi wanda zai buɗe masa ƙofa.

Mataki na bakwai: ka rubuta ƙawanya

Idan ka haɗa matakan nan za ka ga inda suka kai ka: mahari yana iya rusawa amma ba ya iya riƙewa, mai tsaro yana iya jurewa amma ba ya iya fita. Wannan ƙawanya ce, kuma muna da misalinta a kusa. A dutsen Mora, kilomita wajen 60 arewa da Marwa, kyaftin ɗin Jamus Ernst von Raben da 'yan ɗaruruwan sojoji, mafi yawansu 'yan Afirka, sun tsaya tun Agustan 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Ingila da Faransa suna kewaye da su. An yi ta kai farmaki ana komowa, yunwa da ƙarancin magani suna cin na sama, amma dutsen bai faɗi da ƙarfin bindiga ba. Sai a ranar 18 ga Fabrairun 1916 ya miƙa wuya, bayan labari ya tabbata cewa sauran rundunar Jamus ta bar Kamaru, babu kuma wanda zai kawo ɗauki, aka yi sharuɗɗa aka sauko.

A labarinka ka rubuta agogo biyu suna tafiya tare. Na mahari shi ne mansa da abincinsa da zafin da ke taruwa a kumbunansa, da haƙurin waɗanda suka aiko shi, waɗanda ke nesa da shi da tafiyar watanni. Na mai tsaro shi ne abin da duniyarsa ba ta iya samarwa da kanta. Duniya irin tamu, mai gonaki da ruwa, za ta iya rufe ƙofa ta ci tuwonta shekara da shekaru, don haka ƙawanya ba ta kama ta sai ta hanyar tsoro da rarrabuwar kai, amma garin da ke Mas wanda ke jiran kayan gyaran injin iska daga waje kwanakinsa ƙidayayyu ne. Ka zauna da takarda ka rubuta wa kowane ɓangare adadin watannin da zai iya kaiwa, ka ɓoye wa kowannensu lissafin ɗan'uwansa, sa'an nan ka sanya manzon sulhu a tsakaninsu, wanda kowace tambayar da ya aika gida sai ya jira minti arba'in kafin amsarta ta dawo.